Abin da idona ya gani a Masai Mara

Shekaranjiya na dawo daga Kenya, har yanzu ƙurar gandun namun daji na Masai Mara ba ta gama fita daga kayana ba. Hanyar Nairobi zuwa Narok, garin da ake bi a je gandun, ba wani labari sai gajiya. A ƙofar shiga ne gabana ya faɗi, dala 200 kan baƙo ɗaya tunda lokacin ƙaurar dabbobi ne, kuma tikitin na awa 12 ne kacal. Na biya, na ce ai kuɗin kare namun daji ne.

Washegari da sassafe direbanmu ya ji a rediyon mota wai an ga damisa ta ɗora nama a kan bishiya, kafin mu isa wallahi na ƙirga motoci 23 sun yi mata zobe, injuna na ta kuka, kowa ya miƙo kyamara, ita kuwa baiwar Allah ta kasa saukowa sai haki take tana waige-waige. Na ce wa direba, malam wannan ai takura ce. Ya ce ya sani, amma in bai matsa kusa ba baƙi ba za su ba shi ɗan ihsani ba. Haka a bakin kogin Mara, garken dabbar nan mai kama da sa da suke kira nyumbu sun taru za su tsallaka, motoci suka tare musu hanya har suka juya.

Masaukinmu kuma an cika shi da allunan "muna kare muhalli", ga sola a kan rufi, amma da dare janareta ke aiki, ga wurin ninƙaya cike fal, alhali a waje mata na ɗauko ruwa a jarka a bayansu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rugar Masai, ƙabilar makiyayan yankin. Mun biya, samari suka yi mana rawar tsallensu, aka jera mana sarƙoƙi a ninka farashi. Can wata tsohuwa ta ja ni ɗakinta ta ba ni shayi da madara, na miƙa kuɗi ta ture hannuna. Mijinta ya ce min in fari ya yi tsanani suka shiga da shanu cikin gandun kama su ake yi a ci tara, amma zaki yana fitowa ya cinye musu saniya. Na ce Baba kuɗin ƙofa fa? Ya buɗe tafin hannunsa kawai. Nan take na tuna makiyayanmu da aka cinye wa burtali. A Loliondo ta Tanzaniya ma a 2022 an shata murabba'in kilomita 1,500 aka tashi Masai da sunan kare dabbobi.

Tafkin Naivasha mun yi rabin yini, dorinai dai. A Nairobi na sayi mayafin Masai ja, mun ja ciniki har ya bar min a rabin kuɗin da aka ce min a ruga.