Ciwon kan da na raina a rakiyata ta farko

Yau kwana tara kenan amma har yanzu in na kwanta sai in ji muryar yarinyar nan tana cewa "Anti kaina fa yana sarawa", a hankali kamar mai roƙon afuwa. Sau biyu ta faɗa min, duka biyun na ce mata gajiya ce, ta sha ruwa.

Ita ce mace ta farko da na raka haihuwa ni kaɗai tunda na gama horo. Ni ba ungozoma ba ce, ba na karɓar haihuwa ba na yin allura, nawa shi ne in zauna da mai naƙuda in danna mata baya, in tuna mata numfashi, in kuma yi magana a madadinta in ta kasa. To a wannan na ƙarshen na gaza.

Shekararta 19, cikin fari, ta dawo gidansu a Kurna goyon ciki. Mamanta ta kira ni bayan isha'i na je na tarar ba wuta, fitila mai caji ce a kan kwaba, ita kuma tana durƙushe kan tabarma ta rungume filo, goggonta na gefe da kofin rubutu da dabino. Komai da aka koya min na yi, ina duba agogon waya ina rubutawa a ɗan littafina, minti goma goma ciwon ke zuwa, in ya taso in sa tafin hannuna a ƙugunta in danna, in ya lafa mu zaga tsakar gida. Wallahi har daɗi nake ji a raina ina cewa aiki yana kyau.

Wajen ƙarfe tara ta fara zancen kan. Kuma abin da ya fi ci min rai, na ga zobenta da idona, ya nutse a yatsa har naman ya rufe shi, ƙanwarta ma ta ce jiya sun sa sabulu ya ƙi fita. Fuskar ma ta cika. Duk an koya mana wannan, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ganin dishi-dishi, ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, alamun hawan jinin masu ciki ne da ke kai mace ga jijjiga. Na san su kamar karatun allo, amma hankalina duk ya tafi kan kirgen minti. Katin awonta kuma yana cikin jakata tun shigowata, Mama ce ta miƙo min, ban buɗe ba. Daga baya na gani an rubuta jininta ya hau 140/90 a awon ƙarshe, an ce ta dawo bayan sati, ba ta koma ba.

Kun dai san ɗiyar Kano da kunyar cikin fari, a gaban uwa ba za ta yi kuka ba, ko wash ba za ta ce ba, sai cije leɓe. Yarinyar da ta haɗiye ciwon naƙuda awa huɗu ba ta ce uffan ba, in ta buɗe baki ta ce kanta na ciwo ai ba ƙaramin ciwo ba ne. Wannan lissafin ne ban yi ba.

Sai wajen ɗayan dare ta riƙo hannuna ta ce "Anti fitilar nan biyu nake ganinta, ga wasu taurari-taurari." Gabana ya faɗi. Na ce Mama mu tafi asibiti yanzu yanzu. Goggo ta ce "ke 'yar nan, haihuwar fari ai sai an kwana an wuni, mu duk a ɗaki muka haife su." Ban ga laifinta ba, abin da ta sani ta faɗa, ni da na karanta ma awa huɗu ina zaune. Na durƙusa na ce Goggo ki yi haƙuri, ba naƙudar nake tsoro ba, kan nake tsoro. Allah ya sa Mama ta miƙe ta ɗauko hijabi.

Nan kuma sai mota. Maigidan yana Hotoro wayarsa a kashe, yayanta ya fita har bakin titin Katsina babu adaidaita ko ɗaya, sai da aka buga ƙofar wani maƙwabci mai mota, Allah ya saka masa da alheri. Minti arba'in muka ɓata a nan, ina riƙe da ita a soro ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Muna isa Sista ta ɗaura mata abin awon jini, 170/110. Ta ce tun yaushe take ciwon kai? Na ce tun tara. Ba ta yi min faɗa ba, kallona kawai ta yi ta juya ta kira likita, kuma gara ma ta zage ni da wannan kallon. Aka gwada fitsari, aka ba ta maganin saukar da jini, aka yi mata allurar magnesium, wacce ke tare jijjiga, ta jijiya da kuma ɗuwawu biyu, zafinta ya sa a karon farko na ji ta yi kuka. Sun bar ni na tsaya a kanta, dama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya zauna da ita. Bayan asuba ta sauka, mace, kilo 2.6, ba ta jijjiga ba, Alhamdulillah. Na fita baranda na zauna a ƙasa ƙafafuna suna rawa.

Ke da za ki fara wannan aiki, dan Allah kafin ki ajiye jaka ki buɗe katin awo. Kuma kar ki jira ta faɗa, ki ja ta gefe inda uwa ba ta ji ki tambaye ta kai tsaye, kanki yana ciwo? Kina gani sosai? Ba naki ba ne ki ce wannan gajiya ce wannan ba gajiya ba ce, ni abin da na yi kenan, na yanke hukuncin da ba hurumina ba. Zancen mota kuma tun wata takwas a gama shi, lambar mutum biyu da suka yarda a tashe su da tsakar dare.

Likita ya ce jijjiga tana iya zuwa ko bayan an haihu, dan haka kullum ina leƙa su, kuma ya ce a dakata da kunun kanwa saboda hawan jinin. Shekaranjiya a wajen suna na ga Goggo ta damo shi a kwanon sha, sai da na sake durƙusawa na roƙe ta, ta ajiye amma ranta bai so ba. Gobe da safe zan raka mai jegon a sake auna ta.