Rawar sitiyari da ƙugin taya a hanyar Kumasi zuwa Accra

Motata Toyota Corolla ce da ta kwana biyu, kuma yawancin aikinta bai wuce zirga-zirga tsakanin gidanmu a unguwar Aboabo da shagona kusa da kasuwar Kejetia a Kumasi ba, inda cunkoso ba ya barin direba ya kai ko kilomita 50 a awa. Shi ya sa ban san tana ɗauke da matsala ba sai ranar da muka kama hanyar Accra ni da iyali domin ɗaurin auren ɗiyar yayana a unguwar Nima. Mun wuce Ejisu lafiya lau, amma bayan Konongo, da hanya ta buɗe na taka mota ta kai wajen 90, sai sitiyari ya fara karkarwa a hannuna har agogon da na ɗaura yana motsi. Tare da wannan akwai wani ƙugi mai kauri da yake tasowa daga gaba, kamar na jirgin sama da ke nesa. Idan na sassauta zuwa 70 rawar takan lafa, ƙugin kuwa yana nan, sai dai ya rage ƙarfi.

Na sauka gefen hanya na gwada notunan tayoyin gaba ɗaya bayan ɗaya da sifana, domin noti da ya kwance shi ne abin da ya fi sauƙin dubawa, kuma yana iya hallaka mutane. Duk suna ɗaure. A Nkawkaw na sami mai gyaran taya da ke da injin balansin, wato na daidaita nauyin taya, ya ɗora tayoyin gaba biyu ya manna musu dalma, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba, ƙugin kuma ko gezau. Haka muka ƙarasa Accra a hankali, muka kuma komo a hankali, tafiyar kusan kilomita 250 kowane zuwa. Da a ce na san abin da na sani yanzu, da ban ɗauko yara a motar nan na dawo da su ba.

A wurin biki kowa ya kawo shawararsa. Wani ya ce alayimen ne, wato saitin tsayuwar tayoyi, wani ya ce shok ne ya mutu, wani ma ya yi tayin raka ni Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, mu sayo kayan gaba baki ɗaya. Kawuna, wanda ya shafe shekaru yana jan babbar mota zuwa arewa, shi kaɗai ya ce kada in sayi ko kusa ɗaya sai wanda ya san aikin ya shiga motar ya ji da kunnensa. Ya tura ni wurin wani dattijon bakanike, ko fita kamar yadda muke faɗa a nan, a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi.

Abin da ya fara burge ni shi ne dattijon bai buɗe komai ba, bai ma kira yaransa su kawo jak ba. Ya ba ni benci ya ce, "Ɗana, zauna tukuna ka ba ni labari. A wane gudu take farawa? A hannu kake ji ko a kujera? Idan ka taka birki tana ƙaruwa? Idan ka ɗaga ƙafa daga totur fa?" Na ce, "Baba, a hannu ne, daga 90 zuwa sama, kuma babu ruwanta da birki." Sai ya tambaye ni ko na faɗa rami kwanan nan. Nan na tuna wani dare da damina da tayar dama ta gaba ta buga ramin da ruwa ya rufe, bugun da sai da na ji shi a haƙorana.

Kowace tambaya a cikin waɗannan tana ware wani ɓangare na mota, kuma wannan ne nake so duk mai tuƙi ya riƙe. Rawar da take bayyana lokacin taka birki kawai, musamman idan fedar tana bugun tafin ƙafa, daga faifan birki take, wanda kaurinsa ya daina zama ɗaya. Wadda take zuwa idan an ba mota wuta, ta ɓace da zarar an ɗaga ƙafa, yawanci gaɓar ciki ce ta shaf, sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya, yayin da gaɓar waje takan yi ƙas-ƙas idan an murɗe sitiyari gaba ɗaya ana juyawa a hankali. Rawar da ake ji a kujera ta fi nuna tayoyin baya, wadda ake ji a sitiyari kuma ta gaba. Idan kuwa rawar tana da gudun da take so, ta tashi a wajen 80 zuwa 110 ko da an taka birki ko ba a taka ba, to a fara zargin taya da wilinta. Alayimen da mutane suke saurin ambata ba kasafai yake jawo rawa da kansa ba. Aikinsa shi ne ya sa mota ta riƙa ja gefe ɗaya, taya kuma ta ci ta baki guda.

Dalilin da ya sa irin wannan matsala take ɓuya a cikin gari lissafi ne mai sauƙi. Tayar motata mai lamba 195/65 R15 ce, zagayenta ya kai kusan mita 2, wato a gudun kilomita 100 a awa tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. Idan wani gefe ya fi wani nauyi ko da da 'yan giram kaɗan ne, kowane juyi bugu ɗaya ne, kuma ƙarfin bugun yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. Abin da hannu ba zai ji ba a 50 ya isa ya girgiza sitiyari a 100. Akwai kuma gudun da bugun tayar yake dacewa da lilon sifirin da shok, a nan rawar take kai ƙarshenta, shi ya sa wasu suke ganin ta ɗan lafa idan sun ƙara wuta, sai su ɗauka ta warke, alhali tana nan tana cin kayan gaba.

Ƙugin kuwa dattijon ya ce shaida ce ta dabam, kada in haɗa shi da rawar. Ya karɓi makulli muka bi hanyar da ta nufi Techiman, da muka sami wuri miƙaƙƙe babu mota kusa, ya kashe rediyo ya rufe gilasai, ya riƙa karkata motar hagu da dama a hankali. Duk lokacin da ya karkata hagu ƙugin yakan ƙaru, idan ya koma dama ya yi sanyi. Ya bayyana mini cewa karkatawa hagu tana jefa nauyin mota kan tayoyin dama, kuma boris, zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, idan ya lalace ya fi kuka idan an ɗora masa nauyi. Ya ƙara da cewa wannan gwaji yana nuna hanya ne kawai, domin tayar da ta ci tudu da kwari ita ma tana ƙugi, sai dai nata yakan canza idan kwalta ta canza, na boris kuwa ba ruwansa da irin kwalta.

Da muka koma gareji aka ɗaga gaban motar aka tokare ta da kyau. Ya kama tayar dama sama da ƙasa ya jijjiga, sannan ya kama ta gefe da gefe. Wasan sama da ƙasa yana nuna boris ko boljoyin, gaɓar da ke riƙe taya daga ƙasa, na gefe da gefe kuma tayirod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, amma tawa babu wasan da hannu zai ji, kuma ya ce hakan ba ya wanke boris, domin yakan daɗe yana kuka kafin ya saki. Sai ya sa yaronsa ya juya tayar da ƙarfi, ya kama hannuna ya ɗora a kan sifirin. Na ji wani gurzawa siriri yana ratsa ƙarfen zuwa yatsuna, kamar ana niƙa yashi a ciki. A ɓangaren hagu muka yi haka, sifirin ya yi shiru.

Rawar kuma an gano ta ne da aka riƙe alli kusa da bakin wilin ta ciki ana juya shi. Allin ya taɓa wuri ɗaya kawai ya bar sauran, domin bakin ya lanƙwashe a inda ido ba ya gani daga waje. Injin balansin yana gyara nauyi ne, ba ya mayar da abin da ya karkace ya zama zagayayye, shi ya sa aikin Nkawkaw ya rage rawar bai kashe ta ba. Ashe rami ɗaya ne ya haifar da matsala biyu, ya lanƙwasa wili ya kuma ji wa boris rauni. Ba abin mamaki ba ne a ce ɓangaren dama ne, tun da a Ghana muna bin hannun dama tun 1974, kuma tayar dama ce take bin bakin kwalta inda ruwa ya fi zaizayewa.

Kafin a mayar da tayar ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu da muke yawan sayen tayoyin da aka riga aka yi amfani da su a waje, domin taya tana iya zama da zane mai zurfi alhali robarta ta tsufa, wayoyin cikinta kuma sun fara rabuwa, abin da yakan fito a matsayin kumburi ko rangaji ko da a ƙaramin gudu. Tawa ba ta da kumburi, don haka muka bar ta.

Wajen sa sabon boris na ga wani abu da nake ganin ya kamata mai mota ya tsaya a kansa. Dattijon ya hana yaransa taɓa guduma, ya aika da ƙarfen da boris yake zama a ciki wurin masu injin matsewa aka shigar da boris ɗin a tsanake, saboda duka yana barin tabo a hanyar da ƙwallayen suke bi, sabon boris ya fara kuka cikin 'yan watanni. Babban notin tsakiya da notunan taya duk da sifana mai auna ƙarfi ya ɗaure su. Ya miƙo mini tsohon boris ɗin a tsumma, na ga hanyar cikinsa ta yi ƙananan ramuka, giris ɗin kuma ya yi baƙi ya bushe. Na sayi wani wilin, aka sake balansin, muka sake bin hanyar Techiman har zuwa 90, sitiyari yana kwance a hannuna, babu abin da ake ji sai iska. Ya ce in dawo bayan na yi tafiyar kilomita 100 ya sake gwada notunan, na kuwa koma ranar Asabar da safe.