Kundin da na zaɓa don bin gaɓar teku

Jama'a, in gaɓar kudancin Ingila za ku bi da ƙaramin jirgin ruwa, kada ku ɓata kuɗi kan The Nautical Almanac, kundin lissafin rana da taurari da ya faro da bugun 1767. Na masu ratsa tsakiyar teku ne. Ni Reeds na ɗauka, wani kundin matuƙan jiragen ruwa, ƙaramin bugunsa na mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, don babban bugun nauyi gare shi kamar bulo. Shafin da ya fi shan hannuna shi ne jadawalin cikowa da janyewar ruwa. A Southampton ruwa kan cika sau biyu a jere kafin ya janye, abin mamaki wallahi. Amma fa na bana za ku saya. Jadawalin bara ko kyauta aka ba ku kar ku yi aiki da shi.