Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Na Fara Nutso a Abhur

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya samo mini aiki a wani shagon kayan nutso da ke arewacin Jidda. Wata bakwai na yi ina cika tukwanen iska, ina wanke rigunan masu nutso da ruwan daɗi, ban taɓa sa kaina cikin teku ba. A shagon na gane cewa abin da ke cikin tukunyar nan ba wata iskar asibiti ba ce kamar yadda mutanen unguwarmu suke zato. Iskar da muke shaƙa ce, inji ya tace ta ya matse ta har awo 200, wanda masu sana'ar ke kira bar.

Abin da ya hana ni shiga ruwa tsoron Kaka ne. Tana yarinya iyayenta suka taso daga ƙasar Kano da ƙafa, suka yi shekaru a hanya, suka yi cirar auduga a Jazira ta ƙasar Sudan don tara guzuri, sannan suka hau sambuk, wato jirgin ruwa na katako, daga gaɓar Sawakin. A cikin jirgin nan zazzaɓi ya ɗauke ƙaninta, a teku aka sa shi. Tun daga ranar ba ta ƙara zuwa bakin ruwa ba, alhali a unguwar Karantina ta Jidda muke zaune, iskar teku har tsakar gidanmu take shigowa. In ta ji ƙanshin gishiri a jikina sai ta ce, "Maigida, ruwa ba sa'an kwando ba ne." Ni kuwa ba na iya saɓa mata.

Kawu ne ya je ya durƙusa gabanta. Shi a Bur Sudan ya girma, ya yi aiki a jiragen da ke kai Turawa Sha'ab Rumi, inda Kusto, wani Bafaranshe mai binciken teku, ya kafa gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963 mutane suka zauna ciki. Ya ce mata, "Inna, ba jirgi za mu hau ba. Da ƙafarsa zai shiga daga gaɓa, da ƙafarsa zai fito, hannunsa yana cikin nawa." Kalmar jirgi ce ta warware maganar. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce Allah ya tsare.

Sati biyu muka yi a kududdufin koyo. Ranar wata Alhamis bayan asuba muka kama hanyar gaɓar Abhur da ke arewacin Jidda, tafiyar kilomita 30 ko kusa da haka.

Wanda ya yi nutso daga jirgi bai san wahalar gaɓa ba. Shi faɗawa kawai zai yi. Mu kuwa sai mun goya tukunya, mun ɗaura ɗamarar dalma, mun riƙe takalman agwagwa a hannu, sannan mu taka faƙon dutse mai nisa inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Dalmar ma sai an ƙara, domin Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen kashi 40 cikin 1000, sai ta riƙa tallafe mutum sama. Kawu yana gaba yana nuna mini inda zan sa ƙafa. Ya nuna bushiyar ruwa mai baƙaƙen ƙayoyi a cikin rami, ya kuma ja mini kunne kan kifin dutse, wanda ke kwanciya kamar tsakuwa, dafinsa kuwa ya fi na kunama nesa ba kusa ba. Daf da ƙarshen faƙon wata igiya ta doke ni a ƙirji, na dafa dutse, gefen tafin hannuna ya tsage kaɗan. Ban faɗa masa ba, don kada ya ce mu koma.

Sai ƙasa ta ƙare. Ban san yadda zan faɗe shi ba sai haka. Ruwa mai launin ganye ya tsaya a layi guda, daga nan sai shuɗi mai duhu, dutsen ya gangara tsaye kamar ganuwa. Muka saki iskar rigunanmu muka fara sauka. Kunnena ya ɗauki zafi tun kafin mita biyu, na toshe hanci na hura a hankali yadda aka koya mini, ya buɗe.

Ganuwar nan duk a raye take. Ƙananan kifaye masu ruwan lemo dubbai suna shawagi a bakinta, in ka matso su shige rassan murjani tare, in ka ja baya su fito tare. Na ga harid, kifin da muke saya a kasuwar Bangala a soya, yana gatsar dutse da bakinsa mai kama da na aku, kuma wallahi ina jin ƙarar gatsar, ƙaras, ƙaras. Duk rayuwata ina jin ayar lu'ulu'u da murjani a Suratur Rahman, ina ɗauka dutsen ado ne kawai. Ashe dabba ce, ƙananan halittu ne masu gina gidansu na farar ƙasa shekara bisa shekara. Shi ya sa har yau raina ke ɓaci in na ga wanda ya tsaya a kai da ƙafa don ɗaukar hoto.

Muna mita 10 na kalli hannuna. Wani abu kore mai duhu yana fita daga tsagar kamar hayaƙi. Gabana ya yanke ya faɗi, na ce dafi ne. Numfashina ya rikice, na fara harba ƙafa zan yi sama, kuma na ji kaina ina riƙe numfashi. Kawu ya cafke rigata a ƙirji. Ya matso da fuskarsa daf da tawa, ya nuna bakinsa, ya fitar da kumfa a hankali, ya sake fitarwa, har na bi shi. Sannan ya kama hannuna ya haska shi da tocila. Koren nan ya koma ja. Jinina ne.

Bayan mun fito ya yi mini bayani. Ruwa yana shanye jan launi tun a mitocin farko, shi ya sa jini ke komawa kore. Amma ba wannan ya dame shi ba. Ya ce, "Ɗana, iskar da ka shaƙa a mita 10 ninki biyu take zama in ka iso sama. In ka rufe maƙogwaro, huhu ne zai fashe. Me zan je in ce wa Inna?" Muryarsa tana rawa. A ranar kuwa bai bar ni na fito da gaggawa ba, sai da muka yi minti 25 a ƙasa, muka tsaya minti uku a mita 5, agogon iskata yana nuna saura awo 70.

Da muka koma gida Kaka tana kan tabarma, ba ta karya ba tun safe. Ta kama hannuna ta duba tsagar, ba ta ce komai ba. Ta ciro murjaninta na aure daga cikin adaka ta ce, "Ka ga irin wannan a can?" Na ce ban gani ba. Kawu ya ce wannan ja na wuya daga Bahar Rum ake kawo shi. Ta juya shi a hannu, ta juya. Can ta ce, "Maigida, a can ƙasan akwai duhu?"

Na ce, "Babu, Kaka. Rana tana shiga har ƙasa, kamar ta taga."

Ta ce in sake faɗa. Na sake faɗa mata.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo labarin jarrabawar katin nutso, da yadda rashin takardar zama ya kusa raba ni da sana'ar.