Daga Yamai zuwa Jidda, kilomita nawa ne ta sama?

Wani maniyyaci ya tambaye ni nisan Yamai da Jidda. Na ga gara in lissafa da hannuna maimakon in faɗa masa da ka.

Na fara da samo matsayin filayen jirgin biyu. Filin Diori Hamani na Yamai yana digiri 13.48 arewa, 2.18 gabas. Na Sarki Abdul'aziz a Jidda yana 21.68 arewa, 39.16 gabas. Ke nan tazarar arewa digiri 8.2 ce, ta gabas kuwa 36.98.

A nan na yi tuntuɓe. Na ɗauki tazarar biyu kamar gefunan kusurwa a kan takarda, na fitar da digiri 37.9, na ninka da kilomita 111.2, wato tsawon digiri ɗaya a doron ƙasa, na sami wajen 4,210. Lissafin ya zarce gaskiya da kilomita 200. Dalili kuwa, duniya ba tabarma ba ce. Layukan da suka tashi daga kudu zuwa arewa matsewa suke yi yayin da kake nufar arewa: digiri ɗaya na gabas kilomita 108 ne a Yamai, amma 103 ne a Jidda.

Hanyar da ta dace ita ce mai lanƙwasa kamar baka, irin wadda zare ke bi in ka ja shi tsakanin garuruwa biyu a jikin ƙwallon duniya. Da maɓallan sinus (sin) da kosinus (cos) na na'urar lissafi, ka ninka sinus na 13.48 da sinus na 21.68, za ka sami 0.0861. Ka ninka kosinus na 13.48 da na 21.68 da na 36.98, za ka sami 0.7219. Ka haɗa, 0.8080. Kusurwar da ke da wannan kosinus digiri 36.1 ce, sau 111.2, kilomita 4,014. Sai dai ka duba na'urar lissafin wayarka tana kan DEG, wato awon digiri, domin in tana kan RAD, wani awon kusurwa na daban, shirme za ta ba ka kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne mil. Matuƙa jirgi da mil na teku suke aiki, mita 1,852, ba mil na ƙasa mai mita 1,609 ba. In ka ga 2,170 a shafin matuƙa, nisan nan ne dai.

Lokacin tafiya kuma nasa lissafin daban. Jirgin fasinja yana cin kamar kilomita 850 a awa, in ka ƙara rabin awa na tashi da sauka, ka doshi awa biyar da kwata. Wannan in hanya ta miƙe ke nan, ta Chadi da arewacin Sudan, a tsallaka Bahar Maliya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, jirage da yawa kewaya sararinta suke yi, nisa ya ƙaru, mai ya ƙaru.

Mai yada zango a Istanbul kuwa, ya sani cewa Istanbul kanta tana da nisan kilomita kusan 4,000 daga Yamai, sannan a sake cin wasu 2,400 zuwa Jidda.

Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma lokacin saukan da ke jikin tikiti nasu ne. Na ce wa Alhaji ya cire awa biyun nan kafin ya ƙidaya zaman da zai yi a kujera.