Haɗa sunaye a SQL: inda bayanai ke salwanta ba ƙara

A aikin rumbun bayanai da SQL, wato harshen da ake ba rumbun umarni da shi, babu abin da ake rainawa kamar haɗa ginshiƙai biyu ko uku su zama rubutu ɗaya. Suna a nan, sunan uba a can, a liƙa su a buga a takardar sakamako. Amma shekarun da na yi ina kula da rajistar ɗalibai sun nuna mini cewa a nan ne bayanai suka fi salwanta, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba.

Babban mai laifin shi ne NULL, wato gurbin da ba a cike ba. Fom ɗinmu na da gurabe uku na suna, alhali yara da yawa suna biyu kawai suke bayarwa. A MySQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, idan ka ba CONCAT, umarnin haɗa rubutu, abu uku, ɗaya ya kasance NULL, sakamakon gaba ɗaya NULL ne. Yaro na nan a tebur, makinsa na nan, amma takarda ta fito wurin suna fayau. Maganinsa CONCAT_WS: ka faɗa masa abin da zai raba kalmomin da shi, shi kuma ya tsallake gurbin da babu komai. COALESCE, mai sa wani abu a madadin NULL, ma na yi, sai dai yakan bar tazara biyu a tsakiyar suna, wadda ido ba ya gani amma bincike ya kasa samo mutumin.

Kowane gida da al'adarsa. Manhajojin PostgreSQL da Oracle na amfani da alamar || wajen haɗa rubutu, SQL Server kuma da +, bai samu CONCAT ba sai a fitowar 2012. Oracle na ɗaukar NULL kamar rubutu mara komai, ya haɗa sauran ya wuce. Shi kuwa MySQL, in ba ka sauya masa tsari ba, || a wurinsa "ko" ne. Sai ya ba ka 0 ko 1 a maimakon suna.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne GROUP_CONCAT, mai tattara layuka da yawa wuri guda, misali sunayen duk 'yan aji. MySQL ya kayyade masa bayit 1024 (harafin boko na yau da kullum bayit ɗaya yake ci). Da ya cika sai ya datse sauran, ya ajiye ɗan gargaɗin da ba mai dubawa. Mu masu rubuta Hausa abin ya fi saurin cim mana, domin ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci a UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta. Ajin da ke da Ɗanjuma da Ɗahiru da Bilƙisu ya fi saurin kaiwa bango. Sai an ɗaga group_concat_max_len, wato saitin wannan iyaka, a kuma sa ORDER BY, umarnin jerawa, a cikin GROUP_CONCAT, in ba haka ba jerin yau daban, na gobe daban.

Shi ya sa duk wanda ya zo mini da shawarar a adana cikakken suna a ginshiƙi ɗaya don a huta, nakan ce masa a'a. Liƙawa minti ɗaya ce a lokacin bugawa; amma ranar da ofis ya nemi a jera ɗalibai bisa sunan uba, sai ka zauna kana tantance ko Abdul Aziz mutum ɗaya ne ko ɗa da ubansa.