Kakanmu kofur ne, mai shagon hoto ya mai da shi hafsa

Kakanmu na wajen uba ya yi yaƙin basasa a runduna ta biyu, wadda Kanar Murtala Muhammad ya jagoranta a farkon yaƙin. A 1967 kakan namu ya shiga soja, lokacin da ake ɗiban samari ana yi musu ɗan horo a gurguje a tura su bakin daga. Sojan Najeriya kafin yaƙi wajen dubu 10 ne, kafin a gama sun kai kusan dubu 250, shi ya sa da wuya ka sami unguwa a Arewa da babu gidan tsohon soja. Kakanmu ya rasu ina firamare. Abin da ya bari na cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Hajiya, kakarmu: littafin sallama, tsohon bel, da hoto ƙwaya ɗaya baƙi da fari. A hoton siriri ne, kaki ya yi masa yawa, igiya biyu a hannun riga, zanen gidansu raɗau a kumatu.

Mu jikoki muka shirya yi masa addu'a ranar 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin a 1970, wadda ita ce ranar tunawa da mazan jiya. Sauka, abinci, sadaka, duk sun tafi daidai, ba sai na tsaya a kansu ba. Hoton ne ya ɓata min rai.

An ce a buga kalanda a raba wa dangi, aka kai hoton wani shago don a ƙara masa girma. Daren jajibere aka kawo kalandu a ɗaure. Da na buɗe ban gane mutumin ba. Mai shago ya zauna gaban kwamfuta ya yi abin da ya kira gyara: ya goge zanen fuskar, ya haska fata, ya cire igiyoyin ya ɗora anini a kafaɗa, ya jera lambobin yabo a ƙirji. Da na kira shi, cewa ya yi, "Yallaɓai, ai haka mutane suka fi so." Wai kuma a matsayin kyauta ya rufe mana ainihin hoton da leda a na'ura mai zafi. Fuskar ta yi kumfa, rubutun tawada da ke bayan hoton ya jagwalgwale, ledar kuma ba ta ɓantaruwa sai da fatar takardar. Hajiya ta ce da hannunsa ya rubuta garin da aka ɗauka da shekarar. Wannan ya tafi ke nan.

Ta hannun ƙungiyar tsoffin sojoji muka samo wani dattijo da suka yi bataliya ɗaya da kakanmu, kowa Baba Saje yake ce masa. Lambar soja da ke cikin littafin sallama ce ta haɗa mu, suna kaɗai bai isa ba. Aka miƙa masa kalanda, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaro, wannan wane hafsa ne?" Tsakar gida ta yi tsit. Hajiya kuwa tun da safe ta ce kada a rataya mata baƙo a ɗaki.

Da aka ɗauko masa na ainihi, duk da kumfar, nan take ya kira kakanmu da sunan barikinsa, sunan da ko mahaifina bai sani ba. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba mu labarin yunƙurin tsallaka kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha a watan Oktoba na 1967, bayan an karya gada, yadda aka loda su a jiragen ruwa alhali yawancinsu ba su iya iyo ba, da yadda ruwa ya ci waɗanda harsashi ya ƙyale. Ya yi maganar Abagana, ƙarshen Maris 1968, inda sojan Biyafara suka yi wa jerin motoci kwanton ɓauna, wuta ta kama tankar mai ta bi sauran. Ya ce a bayan nan ne aka ba kakanmu igiya ta biyu, don waɗanda ke gabansa sun ƙare. Igiyar da mai shago ya goge da dannawa ɗaya.

Wani ƙanena mai yawan karance-karance ya tambaye shi kisan da aka yi wa farar hula a Asaba cikin watan Oktoba na 1967. Baba Saje ya ja carbi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Can ya ce, "Ku roƙa mana gafara, ita muke buƙata, ba kirari ba." Liman ya ɗaga hannu, addu'ar da aka yi bayan wannan maganar ta fi ta farko tsawo. Da ma wani daga cikinmu ya tanadi jawabi cike da "jarumi" da "namijin duniya". Ya naɗe takardarsa ya sa aljihu.

Duk wanda zai yi irin wannan, kada takarda ko hoto na asali ya kwana a shagon kowa. Ɗauki gaba da baya da wayarka tun a gida, bayan ma ya fi muhimmanci. In dole sai an kai, ka tsaya a kai a yi a gabanka, ka ce kada a ƙara kada a rage, ka ga samfur kafin a buga da yawa. Leda mai zafi kuwa, ko kyauta ce ka ce ka gode. Ambulan da busasshen wuri sun isa, ai akwatin Hajiya ya riƙe hoton sama da shekara hamsin lafiya lau. Sannan ka nemi abokan aikin tsohon sojan naku yanzu, ka kunna rikoda a waya da izininsu. Wanda ya shiga yaƙin yana ɗan shekara 18 yau yana dab da tamanin.

Kalandun suna nan jibge a bayan ƙofa. Baffa ya ɗauki ɗaya ya rataya a falonsa, wai hafsan ya fi cika ido in baƙi suka zo. Girmansa ya sa ban tanka ba, amma cikon kuɗin mai shago har yau ban biya ba, kuma ya daina kira.